Kama da wane ba ta wane: a yi hattara wajen goge hotunan da suka maimaitu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, muna roƙon fili mu ja hankalin jama'a kan wata asara da ake tafkawa a nan Bauchi ba tare da an ankara ba. Mu masu sana'ar ɗaukar hoto ne da masu gyaran kwamfuta. Duk bayan Sallah, ko lokacin da bukukuwa suka yi yawa, wayoyi da kwamfutoci kan cika maƙil. Sai mutum ya sauke wata manhaja da ta ce za ta share masa hotunan da suka maimaitu, ya danna sau ɗaya, fili ya samu, hankalinsa ya kwanta. Ba ya gane ɓarnar sai ranar da aka zo neman hoton mahaifi marigayi za a wanke shi babba a rataye a falo, a tarar ɗan ƙaramin da aka turo ta WhatsApp kaɗai ya rage, na asalin ya tafi. Garin neman gira an rasa ido.

Ba hana share hotuna muke yi ba. Tarin kwafi na cinye wuri, yana nauyaya manhajar ajiyar hotuna, yana kuma sa a gyara kwafi ɗaya a miƙa wa mai biki wani daban. Abin da muke cewa shi ne, abin da ido ya gani kamar hoto ɗaya sau biyu, ba lallai ba ne fayil ɗaya ne sau biyu, kuma kowane iri da yadda ake bi da shi.

Akwai tagwaye na haƙiƙa, wato fayil ɗaya da aka kwafa wuri biyu ba a taɓa ko ɗigo a cikinsa ba. Su ne masu sauƙi, kowanne aka goge ba a yi asara ba. Akwai kuma hoto ɗaya da ya bi ta hannaye: an rage girmansa, an yanke gefensa, an tura ta WhatsApp ko an sauke daga Facebook. A nan ɗaya ne uba, sauran 'ya'ya ne, kuma uban ake so. Sai hotuna mabambanta masu kama da juna, kamar idan mai kyamara ya danne maɓalli yayin da mahaya suka sako dawakai a ƙofar fadar Sarkin Bauchi ranar hawa, ya ɗauki goma a jere. A guda ɗaya ne kawai ƙafafun dokin suka tashi sama kuma fuskar mahayin ta fito daga ƙura. Babu manhajar da za a sakar wa wannan zaɓi ido rufe.

Iri na huɗu ma ba kwafi ba ne sam, amma shi aka fi gogewa bisa kuskure. Kyamarar da aka saita ta ɗauki RAW da JPEG tare tana fitar da fayil biyu masu suna ɗaya, bambancinsu a wutsiya: IMG_0412.CR2 da IMG_0412.JPG a Canon, ko NEF a Nikon, ko ARW a Sony. Na RAW shi ne ɗanyen hoton da ake iya ceto haskensa idan farin kayan ango ya ƙone a rana. Haka nan ɗan ƙaramin fayil mai wutsiyar XMP da ke zama kusa da RAW, a cikinsa gyaran da aka yi wa hoton yake. A iPhone kuwa, hoto mai motsi fayil biyu ne, HEIC da ɗan bidiyo MOV. Wanda ya ga suna ɗaya sau biyu ya goge guda, rabin kayansa ya zubar.

Suna shi ne babban mayaudari a wannan harka. Kyamarori na bai wa hoto lamba daga 0001 zuwa 9999, daga nan su buɗe sabuwar folda a cikin DCIM, wato babbar foldar da kyamara ko waya ke ajiye hotunanta, su koma 0001. Wasu ma an saita su ne su koma farko duk sanda aka sa sabon memori ko aka wanke shi. To idan mutum biyu suka ɗauki biki ɗaya da Canon biyu, ɗaya a wajen kamu ɗaya a wajen ɗaurin aure, kowannensu na iya dawowa da IMG_0412, kuma hotuna ne da ba su haɗa komai ba. Idan aka juye memori biyun a folda ɗaya, Windows zai tambaya ko a maye gurbin fayilolin da ke wurin. Wanda ya amsa da e, ya binne hotunan kamu a ƙarƙashin na ɗaurin aure, kuma wanda aka danne ba ya zuwa kwandon shara. Maganin wannan tun daga kyamara yake: a Canon a bar lambar fayil a kan Continuous, a Nikon a kunna File number sequence, kuma kowane memori ya samu foldarsa.

Ranar da Windows ke nunawa a gefen fayil ita ma ba shaida ba ce, domin ranar ƙirƙirar fayil kan canza idan an kwafa shi. Wadda ake dubawa ita ce ranar ɗauka, wadda kyamara ke rubutawa a cikin hoton kansa tare da sunan kyamara da saitin haske, abin da ake kira EXIF. Ita ma sai an tabbatar agogon kyamarar daidai yake, don kyamarar da ta daɗe a ajiye ba batir takan manta kwanan wata.

Ga yadda ake gane uba da ɗa da ido. A ɗauki fayil biyu, a danna kowanne da maɓallin dama na linzami, a shiga Properties, sannan Details. Na farko sunansa IMG_0412.JPG, faɗinsa fiksel 6000 tsayinsa 4000, nauyinsa kusan megabait 9, ga ranar ɗauka, ga sunan kyamara. Na biyu sunansa IMG-20241222-WA0031.jpg, dogon gefensa bai wuce fiksel 1600 ba, nauyinsa bai kai rabin megabait ba, gurbin ranar ɗauka da na kyamara duk wayam. A fuskar waya ba ka bambance su, amaryar ce dai da lallenta. Amma WhatsApp ya matse na biyun ya cire masa EXIF, kuma ranar da ke jikin sunan ranar da ya shigo wayar ce, ba ranar da aka ɗauke shi ba. Wankin hoto mai kyau na inci 8 da 10 yana son fiksel 2400 da 3000. Mai 1600 ɗin da ƙyar ya wuce inci 5 kafin fuska ta fara dusashewa. Tun 2023 WhatsApp ya ƙara zaɓin HD, ya fi na da kyau, amma shi ma matsewa yake yi. Hanyar da hoto ke isa yadda yake ita ce a tura shi a matsayin Document.

Kada kuma a ɗauka duk fayil ɗin da ya fi nauyi shi ne na asali. Hoton allo da aka ɗauka daga fuskar kwamfuta ko waya, musamman mai wutsiyar PNG, yana iya fin hoton da aka ɗauke shi daga kai nauyi, haka ma wanda aka buɗe a manhajar gyara aka sake ajiyewa. A haɗa shaidu uku: yawan fiksel, kasancewar EXIF, da foldar da ya fito.

Manhajojin neman kwafi hanya biyu suke bi, kuma wajibi ne mai amfani ya san wacce ya kunna. Ta farko tana ware fayilolin da nauyinsu ya zo ɗaya, sannan ta karanta cikin kowanne ta fitar masa da lambar shaida da masana ke kira hash. Idan lambobin suka zo ɗaya, fayil ɗaya ne ko da sunayen sun bambanta. Mutum na iya gwadawa da kansa ba tare da sauke komai ba: a buɗe Command Prompt a foldar, a rubuta certutil -hashfile IMG_0412.JPG SHA256, zai fitar da jerin haruffa da lambobi 64. A yi wa ɗayan fayil ɗin haka a kwatanta. Rauninta shi ne tsananin gaskiyarta. Ko tauraro ɗaya aka sa wa JPEG, ko aka rubuta masa suna a ciki, lambar ta canza gaba ɗaya, manhajar ta ce ba su san juna ba. Hanya ta biyu ba ruwanta da cikin fayil, hoton take kallo. Takan ƙanƙance shi sosai, ta auna tsarin haske da duhu ko launi, ta ba da makin kamanni. Ita ce ke kamo 'ya'yan WhatsApp, kuma ita ce ke yin kuskure. Hotunan fasfo masu farin bango ɗaya, ko ɗaliban da suka tsaya wuri guda cikin rigar yaye ta Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, ko 'yan hidimar ƙasa cikin kaki a sansanin Wailo, duk tana iya haɗa mutum biyu ta ce mutum ɗaya ne.

Don haka tsarin aikin da muke ba da shawara ba ya farawa da gogewa. Yana farawa da kwafe komai, har da tarkacen, zuwa wani faifan ajiya na waje, sannan a zare shi a sa a durowa. Mun san abin zai yi wa wasu banbaraƙwai, a ce mai neman rage kwafi ya fara da ƙara kwafi, amma ajiyar tsaro daban, tarkace daban. A yi lissafin lokaci: gigabait 500 ta tsohuwar kafar USB 2.0, wadda ke tafiyar kusan megabait 30 a daƙiƙa, zai ci fiye da awa huɗu da rabi. Ta kafar USB 3.0, wadda galibi cikinta shuɗi ne, bai cika kai awa biyu ba. A yi shi da laftof mai cikakken caji ko kwamfuta mai UPS, kuma a yi amfani da Copy, ba Cut ba. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar Cut, kaya sun rabu gida biyu, sai an zauna tantance abin da ya ƙaura da abin da ya rage.

Bayan nan a tsayar da gida ɗaya, folda guda da za a ce nan ne asalin ajiya, a tsara ta shekara da sunan taro. Sai a kawo manhaja. dupeGuru kyauta ce, ba ta buƙatar intanet bayan an sauke ta, kuma tana da wani abu mai daraja ƙwarai: kowace folda da aka zuba mata ana iya sa mata matsayin Normal, Reference ko Excluded. Duk abin da ke foldar da aka sa wa Reference ba za ta bari a goge shi ba. A sa wa babban gidan wannan matsayi, a bar Downloads da Desktop da foldar Xender da tsofaffin filashi a Normal. Zagayen farko a yi shi da Standard, a zaɓi binciken Contents, wato tagwayen haƙiƙa kaɗai. Sau da yawa wannan zagaye shi kaɗai ke fitar da mafi yawan filin da ake nema, saboda memori ɗaya da aka juye sau uku a ranaku daban. A duba lissafi: hoto 2000 na biki guda, RAW mai megabait 25 da JPEG mai 10, gigabait 70 ke nan. Juyi uku ya zama 210.

Sai zagaye na biyu da Picture. A nan sai an shiga saiti an kunna Match pictures of different dimensions, in ba haka ba ba za ta haɗa babban hoto da ƙaramin kwafinsa ba. A bar ma'aunin kamanni a sama, 95 ko fiye, a duba rukuni-rukuni da ido. Wanda yake amfani da digiKam, ita ma kyauta, zai samu irin wannan a ɓangaren Similarity, sai dai dole ya fara barinta ta gina Fingerprints na duka hotunan, in ba haka ba binciken zai dawo hannu rabbana. A babbar ajiya wannan kan ɗauki awanni, gara a bar shi ya kwana yana yi. Idan aka sauko da ma'aunin ƙasa da 90, hotunan da aka ɗauka a jere za su fara cika sakamakon.

Ko a wannan mataki kada a goge. A dupeGuru a yi amfani da Move Marked to, a kwashe su zuwa wata folda da za a kira Jiran Hukunci, a rubuta mata kwanan wata, a bar ta wata guda ana aiki. Dalili shi ne Windows ba ya kai abin da aka goge daga filashi ko memori kwandon shara, kai tsaye yake tafiya, haka kuma duk abin da aka goge da Shift da Delete. Idan tsautsayi ya riga ya afku a memori, a zare shi nan take, kada a ƙara ɗaukar ko hoto ɗaya a kansa, a gwada PhotoRec, manhajar ceto fayilolin da aka goge, a kuma sauke abin da aka ceto a wani faifai daban. A kwamfuta mai faifan ajiya irin na zamani da ake kira SSD da kuma cikin waya, ceton na da wuya ƙwarai.

'Yan'uwanmu masu situdiyo da ke aiki da Lightroom Classic, manhajar tsara hotuna da gyara su, su suka fi buƙatar nutsuwa. Kundin Lightroom, fayil mai wutsiyar LRCAT, ba hotuna ne a cikinsa ba, adireshinsu ne da bayanin gyaran da aka yi musu. Idan aka sa wata manhaja ta goge ko ta matsar da fayil a bayan idonsa, sai a ga alamar motsin rai a kan hoto ko alamar tambaya a kan folda. Mafi muni, in kwafi biyu ne kuma an yi wa ɗaya gyaran awa guda, manhajar waje ba ta san wanne ba ne, tana iya ɗauke mai gyaran ta bar ɗanyen. Hotunan da ke cikin kundi a cikin Lightroom ake cire su: a sa wa wanda ba a so alamar ƙi da harafin X, a tace su a sake dubawa, sannan a goge. Zai tambaya ko a cire daga kundi kawai ko a goge daga faifai, kuma na farkon ba ya rage ko megabait ɗaya. Virtual Copy kuwa ba fayil ba ne, goge shi ba ya ba da fili, gyara kawai ake rasawa.

Wajen shigo da hotuna akwai akwatin Don't Import Suspected Duplicates, a bar shi a kunne. Amma a san iyakarsa: sunan fayil na asali, lokacin ɗauka da nauyi yake kwatantawa, kuma da abin da ke cikin wannan kundin kaɗai. Idan an riga an canza wa fayil suna kafin a kawo shi, ko an buɗe sabon kundi, zai shige. Kuskuren da ya fi haifar da kwafi shi ne zaɓar Copy ga hotunan da tuni suna kan kwamfuta. Daga memori ake Copy, abin da ke kan faifai Add ake yi masa. A kuma bar Lightroom ya canza suna tun wajen shigowa, da kwanan wata a gaba: 2024-12-21_Kamu_A_0412, harafin A na kyamarar farko, B na ta biyu.

Ga sauran jama'a masu Tecno, Infinix, itel ko Samsung, WhatsApp ne babbar mahaifar kwafi. Hoto ɗaya na walima zai shigo ta zauren dangi, ya shigo ta na tsofaffin ɗalibai, ya shigo ta na unguwa, in ka tura wa wani kuma ga shi a foldar Sent. A sababbin wayoyin Android duk suna can cikin Android/media/com.whatsapp. A shiga Settings na WhatsApp, Storage and data, a kashe sauke hotuna kai tsaye, wanda zai rage cin data ma. A nan kuma Manage storage yake, inda aka ware abin da ya wuce megabait 5 da abin da aka yi ta turawa. Files by Google tana nuna tagwayen fayiloli a shafin Clean. Ƙa'ida ɗaya dai: in an nuna maka biyu, ɗaya a DCIM/Camera ɗaya a wani wuri, na DCIM ake bari. A iPhone, tun daga iOS 16 na 2022 akwai kundin Duplicates a ƙarƙashin Utilities, kuma Merge yana riƙe mafi inganci ya tura sauran Recently Deleted na kwana 30.

Google Photos na da nata tarkon. Mutane na ɗauka tunda hoto ya hau can, to an ajiye shi, sai su goge a cikin manhajar don rage nauyin waya. Gogewar nan har can sama take kaiwa, da duk wata wayar da ke kan wannan asusun, kwandon shararta kuma kwana 30 ne zuwa 60. Mai son fili a waya Free up space zai danna. A tuna kuma tun 1 ga Yunin 2021 hotuna na cin gigabait 15 ɗin nan na kyauta da ake rabawa da Gmail da Drive, shi ya sa wasu ke ganin saƙon imel ya daina shigowa. Wanda ya sauko da hotunansa ta Google Takeout zai ga duk hoton da ke cikin albam ya fito a foldar albam ya kuma fito a foldar shekara, ga ƙananan fayilolin JSON a gefe masu ɗauke da kwanan wata da bayani. Kada a zubar da su sai an tabbatar ranakun sun zauna daidai.

Roƙonmu ga masu gyaran waya da masu tura kaya a kewayen kasuwar Wunti da Muda Lawal: idan dattijo ko baiwar Allah ta kawo waya ta ce ta cika, kada a danna share duka a gabanta don a sallame ta da wuri. A fara juye foldar DCIM a filashi ko memorinta, a nuna mata, sannan a taɓa sauran. Masu situdiyo kuma su riƙa miƙa wa masu biki hotunansu na asali a filashi ko ta Document, su faɗa musu baki da baki cewa waɗannan ne na wanki, na WhatsApp na kallo ne kawai.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Wasu masu ɗaukar hoto da gyaran kwamfuta,
Bauchi.